Ƙungiya ta watse, mawaƙi ya fito shi kaɗai: daga ina giɓin yake?

"Malam, barka da aiki. Tun ina saurayi nake bin wata ƙungiyar kiɗan rok, na haddace waƙoƙinsu kamar sunana. Bayan kusan shekara talatin suna tare sai suka watse, yanzu kuma mawaƙin nasu, wanda ya haura sittin, ya fitar da kundi shi kaɗai. Na saya da ɗoki, na saurara sau biyu. Muryar tasa ce, babu tantama, amma sai nake jin kamar na shiga gidan da na sani na tarar an kwashe kayan ɗaki. Shin tsufa ne ya kama shi, ko kuwa dama abokan ne ke ɗauke da shi ba mu sani ba? In ci gaba da ba kundin kunne, ko in koma wa tsofaffin faya-fayaina in huta?"

Yauwa, barka kadai ɗan'uwa. In na fahimce ka, abu biyu kake tambaya a dunƙule. Na farko, me ya ɓace daga sautin alhali mai muryar yana nan da ransa. Na biyu, ko wannan ɓacewar ta isa hujja cewa mutumin bai kai yadda kuka ɗauke shi ba. Na daɗe a situdiyo ina ɗaukar sauti ina haɗa shi, kafin nan kuma na kaɗa jitar bes, wato jita mai kaurin sauti, a wata ƙaramar ƙungiya da ta mutu ba wanda ya ji labari sai mu huɗun da ke cikinta. Don haka abin da kunnenka ya ji na san shi daga ciki da waje. Kunnen naka bai yi maka ƙarya ba, giɓin yana nan. Sai dai a mafi yawan lokuta ba tsufa ne ya haƙa shi ba, kuma ba ya nuna cewa mawaƙin holoƙo ne hadarin kaka.

Yadda aka rabu yana shiga cikin faifan

Kundin farko bayan watsewa kusan kullum amsa ce ga rabuwar, ko mai shi ya yarda ko ya musa. Akwai ƙungiyar da mutuwa ce ta raba ta. Led Zeppelin ta tsaya a 1980 bayan rasuwar makaɗin gangarta John Bonham, sauran ukun suka ce ba za su ci gaba babu shi ba. Mawaƙinta Robert Plant ya fitar da kundinsa na farko a 1982, Phil Collins ne ya buga masa ganga a galibin waƙoƙin, da ya fita rangadi a 1983 kuwa ya ƙi rera waƙoƙin tsohuwar ƙungiyar a dandamali, duk da cewa su jama'a suka fi so su ji. Akwai wadda faɗa ya raba, kamar Oasis, da Noel Gallagher ya fice daga cikinta a watan Agustan 2009 bayan rigima da ƙaninsa Liam a birnin Paris gab da su hau wasa. Akwai kuma wadda gajiya ce kawai ta kwantar da ita. R.E.M. ta yi sallama da mutunci a 2011 bayan shekara 31, mai jitarta Peter Buck ya fitar da nasa kundin a 2012 a kan baƙin faifan garmaho kaɗai, kamar mai cewa shi ba cin kasuwa ya fito ba.

Wanda ya fito daga makoki yana gudun duk sautin da zai tuna masa da wanda ya rasa. Wanda ya fito daga faɗa yana so duniya ta san shi ne ginshiƙin gidan, sai ya cika kundin da kaya har ya yi nauyi. Wanda ya gaji kuwa ƙaramin abu yake nema. Ka tuna yadda taka ƙungiyar ta ƙare, za ka ji rabin kundin ya fara yi maka bayanin kansa.

Inda sautin ƙungiya yake zaune

Mai sauraro yana ɗauka murya ita ce ƙungiya, domin ita ce ke gaba, ita ke furta kalmomin da ya haddace. Mu da muke zaune gaban na'ura mun san sautin ƙungiya yana tsakanin mutanen ne. Bari in nuna maka da abin da nake gani da idona. Idan na ɗauki ƙungiyar da ta daɗe tare, na buɗe hoton sautin a kwamfuta na faɗaɗa shi, sai in ga gangar ƙafa ba ta sauka daidai kan layin da ke nuna lokacin bugu ba. Tana makara da kashi 10 ko 20 cikin dubu na daƙiƙa, abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Yatsan mai bes kuma yana jingina da wannan makarar, mai jita yana ɗan riga su duka biyun. Ba wanda ya tsara haka, ba wanda ma ya san yana yi. Shekaru ne suka sassaƙa shi, daga ɗakin atisaye mai zafi zuwa dubban dararen wasa. Mawaƙin kuwa a kan wannan ɗan tsukin ya koyi jan numfashi. Ya san lokacin da zai buɗe baki ba tare da ya ƙirga ba, domin jikinsa ya san lokacin da sandar makaɗin za ta sauka.

To sai ƙungiya ta watse, a ɗauko masa makaɗan haya. Kada ka raina su, galibinsu sun fi tsofaffin abokan nasa ƙwarewa nesa ba kusa ba. Ana saka musu agogon kiɗa mai ƙas-ƙas a kunne, suna bugawa daidai kansa ba kuskure ko ɗaya, a gama waƙa cikin ɗauka biyu. Komai ya zauna kan layi. Shi kuma dattijon sai ya riƙa jin ƙasa tana zamewa daga ƙarƙashin ƙafarsa, ya rasa dalili. Kai ma da kake saurare a gida abin da ka ji ke nan, kiɗa mai tsabta amma lami. Wannan shi ne kayan ɗakin da ka ce an kwashe.

Abu na biyu da ke tafiya shi ne amsawa. A ƙungiyar rok ta gaske jita murya ce ta biyu. Mawaƙi ya ƙare ɗango, mai jita ya ba shi amsa a ɗan filin da ya rage kafin ɗango na gaba, wani lokaci da zaƙi, wani lokaci da gatse. Da yawa daga cikin abin da kake rerawa a ranka ba kalmomi ba ne, waɗannan amsoshin ne. Ƙungiyar The Smiths misali ce mai kyau a nan. Morrissey kalmomi da karin murya yake kawowa, Johnny Marr ne mai gina kiɗan. Da suka rabu a 1987, Morrissey bai iya tsayawa shi kaɗai da gaske ba, sai da ya jawo furodusansu Stephen Street ya rubuta masa kiɗa, kundin ya fito a watan Maris na 1988 ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya. Marr kuwa ya yi ta aiki da wasu ƙungiyoyi, bai fitar da kundi da sunansa shi kaɗai ba sai 2013. Ba wanda zai ce ɗayansu ne ke ɗauke da ɗayan. Kowa yana riƙe da rabin abin ne, rabuwar ce ta nuna wane rabi ke hannun wa.

Mutumin da ke iya cewa a'a

A nan zan daɗe, domin a ganina wannan ne babban abin da tsohon mawaƙi ke rasawa, ya fi ganga da jita tsada.

Ƙungiyar da ta shekara talatin galibi samari ne suka kafa ta tun ba su da komai. Mai bes ɗin ya san mawaƙin tun yana da takalmi ƙafa ɗaya tal, ya ga ranar da ya yi waƙa mutum bakwai suna kallo. Irin wannan mutumin shi ne kaɗai a duniya zai iya duban tauraro ya ce masa wannan baitin shirme ne, cire shi. Yana faɗa, a yi fushi, a buga ƙofa, gobe a dawo an cire baitin. Mu masu sauraro ba ma jin abin da aka cire, abin da ya tsira kawai muke ji, sai mu ɗauka mawaƙin ba ya kuskure. Ranar da ya zama shi kaɗai, duk wanda ke cikin ɗakin shi ke biyan sa. Makaɗin haya ba zai ce wa mai gida waƙarsa ta yi tsawo ba, yana da aiki gobe a wani wuri kuma yana so a sake kiran sa. Matashin furodusa da ya taso da hoton mutumin a bangon ɗakinsa ma bakinsa ba zai buɗu ba.

Na taɓa faɗawa cikin wannan ramin da kaina. Wani dattijon mawaƙi da ƙungiyarsa ta watse ya zo ɗaukar kundinsa na farko, ni ne a kan na'ura. Akwai wata waƙa mai minti bakwai, zuciyarta tana cikin minti huɗun farko, sauran maimaici ne da wani dogon baiti da bai ƙara komai ba. Kowa a ɗakin ya sani. Kwana uku muna ɗaukarta, kowace ɗauka ta ƙare sai mu ce ta yi kyau ranka ya daɗe, ni ma har da ni, don ina bukatar aikin. Abin da na lura da shi ta cikin gilashi shi ne, duk sanda ya kai ƙarshen waƙar sai ya juya hagu, wajen da babu kowa sai sandar makirufo da ba a amfani da ita. A rana ta uku ya cire abin sauraro daga kunnensa, ya dube ni ya ce, "Kai yaro, ba ka da baki ne?" Na ce ina da shi. Ya nuna gefen hagun nan ya ce wanda ya saba tsayawa a wurin, idan waƙa ta wuce inda ya kamata ta tsaya, ba ya magana, jitarsa kawai yake jinginewa ya fita shan iska, da haka ake gane an zarce. Sai na yi ta maza na ce to lallai da yana nan da ya fita tun minti na huɗu. Ya yi shiru har na fara tunanin tattara kayana. Daga nan ya ce a yanke.

Idan ka ji kundin dattijo yana da waƙoƙi goma sha biyar alhali tara ne masu rai, ko kowace waƙa ta zarce da minti ɗaya da rabi, to ba hazaƙa ce ta ƙare ba. Wanda ke fita shan iska ne babu.

Amma fa wannan a'a ɗin tana da wata fuskar, domin a wasu ƙungiyoyin ita ce ke danne mai baiwa. George Harrison ya yi shekaru a The Beatles yana samun gurbin waƙa ɗaya ko biyu a yawancin kundayensu, abokan ƙungiyarsa John Lennon da Paul McCartney sun cinye sauran. Waƙoƙinsa suka yi ta taruwa a rumbu, wasu har an gwada su tare an ajiye. Da ƙungiyar ta watse a 1970, a watan Nuwamba na shekarar ya fitar da All Things Must Pass, faifai uku a kwali ɗaya, ya hau na ɗaya a Amurka da Birtaniya. Dave Grohl ma a bayan ganga yake zaune a Nirvana yana ɓoye waƙoƙinsa. Bayan mutuwar mawaƙin ƙungiyar Kurt Cobain a 1994, ya shiga situdiyo a watan Oktoba na shekarar, cikin kusan mako guda ya kaɗa kusan dukkan kayan kiɗan da kansa, ya liƙa wa aikin suna Foo Fighters don a zaci ƙungiya ce. Ka ga ke nan wanda aka riƙa cewa a'a yana fitowa da rumbu cike. Shugaban ƙungiya kuwa, wanda duk waƙar da ya kawo an ɗauka, yana fitowa da rumbu wayam, sai ya rubuta sababbi cikin gaggawa a daidai lokacin da ransa ya fi ɓaci. Shi ya sa sau da yawa kundin makaɗin da ba a kula da shi ba ke ba da mamaki, na tauraron ya bar mutane suna sosa ƙeya. Mutumin naka, tunda shi ne mai murya a gaba, da wuya a ce yana da rumbu.

Hanyoyin da ke gabansa

Wanda ya tsinci kansa a wannan hali ba shi da hanyoyi da yawa. Yana iya rufe ƙofa ya yi komai da kansa, kamar yadda Paul McCartney ya yi a kundinsa na watan Afrilun 1970, wanda ya ɗauki akasarinsa a gidansa na Landan da na'ura mai layin ɗauka huɗu. Masu sharhi na lokacin sun yi masa ca, suka ce aikin bai nuna ba, sai daga baya mutane suka gane ɗanyantakar ita ce daɗinsa. Yana iya kafa sabuwar ƙungiya, wanda shi ma McCartney ya koma yi da Wings a 1971. A 1973 ya nufi Legas ɗaukar kundin Band on the Run, mutum biyu suka fice daga ƙungiyar gab da tafiya, dole ya zauna kan ganga da kansa, kuma kundin da ya fito daga wannan tsaka mai wuyar shi ne ya dawo masa da martabarsa wurin masu sharhi. Yana iya sauya unguwa gaba ɗaya. Sting, bayan kundin ƙungiyarsa The Police na ƙarshe a 1983, ya tara makaɗan jaz a 1985, irin su Branford Marsalis da Omar Hakim, ya miƙa wa Darryl Jones bes ɗin da aka san shi da ita ya ɗauki jita. Wannan dabara ce mai hikima, domin ya zagaye kansa da mutanen da suka fi shi sanin fagen da ya shiga, ya sake zama mai koyo.

Hanyar da na fi tsoro ita ce ta ɗauko masu kama. A nemo mai jita da zai kwaikwayi tsohon, a nemo makaɗin da zai buga irin bugun wancan, a yi kundin da ke kama da na ƙungiyar kamar yadda hoto ke kama da mutum. Kamfanonin faifai suna son wannan don ya fi sauƙin tallatawa, amma shi ne ya fi saurin tona giɓi, domin yana gayyatar kunne ya riƙa gwadawa a kowace daƙiƙa. Daga yadda ka kwatanta abin da ka ji, ina zargin ko dai wannan hanyar ya bi, ko kuma ta makaɗan haya masu tsabta.

Akwai kuma abin da mai sauraro ba ya gani, wato lauyoyi. Sunan ƙungiya dukiya ce, kuma ba lallai ya bi wanda ya fi rubuta waƙoƙi ba. Roger Waters ya bar Pink Floyd a 1985, ya je kotu don ya hana sauran amfani da sunan, bai samu yadda yake so ba. A 1987 ɓangarorin biyu suka fita rangadi, masu riƙe da sunan suna cika filayen wasa, shi da ya rubuta galibin kalmomin manyan kundayensu yana wasa a wuraren da ba su kai nasu ba. Na John Fogerty ya fi ban mamaki. Ƙungiyarsa Creedence Clearwater Revival ta watse a 1972, haƙƙin mallakar waƙoƙin da ya rubuta yana hannun kamfanin faifai, ya yi shekaru yana ƙin rera su. Da ya dawo a 1985 da kundin da ya hau na ɗaya a Amurka, sai kamfanin ya maka shi a kotu cewa wata sabuwar waƙarsa ta yi kama da wata tsohuwarsa, wato ya saci kansa. A 1988 ya shiga kotu da jitarsa, ya kaɗa wa masu yanke hukunci don su ji bambancin salon mutum da satar waƙa, ya yi nasara. Sai a 2023 ya sayi kaso mafi rinjaye na haƙƙin waƙoƙin nasa. Mutumin da ke cikin irin wannan ƙunci, idan ya kauce wa sautin da aka san shi da shi, ba mantawa ya yi ba.

Maganar tsufa

Tsufa yana da nasa kason, amma yana da alamomi na daban da za ka iya rarrabewa. Murya tana sauka da shekaru, saman da ake kaiwa da ihu a shekara ashirin da biyar yana rufewa, numfashi yana gajarta. Kunne ma yana tafiya. Wanda ya shekara talatin a gaban manyan lasifikoki yawanci yana rasa jin siraran sautuka, musamman wajen hatz 4,000 a ma'aunin sirantakar sauti, sai ya riƙa cewa a ƙara masa kaifi a lokacin haɗa sauti har abin ya riƙa sukar kunnen mai lafiya. Na sha yin wannan gardamar. Idan ka ji kundi yana da wani kaifi mai gajiyarwa, wannan na iya zama dalili.

Abin dubawa shi ne yadda aka yi da muryar. Idan an binne ta cikin amsa-kuwwa, an ninka ta sau uku, an gyara kowane harafi da kwamfuta har ta yi santsi kamar roba, to ana ɓoye tsufan ne, kuma ɓoyewar ce ke kashe waƙa. Idan kuwa an sauke waƙar ƙasa da mataki ɗaya ko biyu, an matso da makirufo har kana jin shigar numfashi da ɗan karcewar maƙogwaro, to mawaƙin ya karɓi shekarunsa ya mai da su kayan aiki. Plant da muka ambata a sama ya daina neman ihun samartaka, ya rage murya, a 2007 ya yi kundi tare da Alison Krauss wanda ya ci kyautar Grammy ta kundin shekara a 2009. Shekara 27 ke nan tsakanin ƙarshen ƙungiyarsa da fitowar wannan aikin. In kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya, kuma wasu sai sun daɗe kafin ƙafarsu ta gano sabon takun.

Abin da zan yi da a ce ni ne kai

Sauraro biyu bai isa hukunci ba, musamman daga kunnen da ya shekara talatin yana jiran amsar jita a wani takamaiman wuri. Ka ajiye tsofaffin faya-fayan na mako biyu, kada ka taɓa su. Ka karanta bayan kwalin: wa ya rubuta waƙoƙin tare da shi, wane ne furodusa, kuma mutane ɗaya ne suka kaɗa daga farko har ƙarshe ko kowace waƙa da nata makaɗan. Idan mutum huɗu ko biyar ne suka yi dukkan kundin a ɗaki ɗaya, akwai fata, wata ƙungiyar ce ke tsirowa ko da ba a ba ta suna ba. Idan sunaye talatin ne da manyan baƙi a kowace waƙa, yawanci ana cike giɓi da ado ne. Sannan ka tsallake waƙoƙi biyun farko, waɗanda aka gina don su yi kama da abin da ka sani, ka nemi mai sanyin da aka tura can wajen ta bakwai ko ta takwas. A can dattijo ke faɗin abin da ya kawo shi. Idan ka samu ɗaukar wasansa a gaban jama'a bayan ya yi wata shida yana zagaye da sababbin makaɗan, ka gwada da na situdiyo, sau da yawa za ka ji waƙoƙin sun fara samun wannan jinginar da na kwatanta maka.

Kuma kundin farko ba shi ne ƙarshen zance ba. Paul Weller ya rushe ƙungiyarsa The Jam a 1982 tana kan ganiyarta, ya kafa wata ƙungiyar, a 1989 kamfaninsa ya ƙi karɓar kundin da suka kai masa, ya zauna ba kwantiragi. Ya fara fitowa da sunansa a 1992, amma sai a kundi na uku, a 1995, ya koma saman da ya bari.

Iyakata a nan ita ce ba ka faɗi sunan kundin ba, don haka hukuncinsa yana wurinka, ni hanyar saurare kawai zan iya ba ka. Kunnena kuma kunnen ma'aikaci ne, yana kama makarar ganga da kaurin amsa-kuwwa, amma ya sha yin kuskure kan abin da zai taɓa zuciyar mutane. Akwai kundin da na raina ranar da muka gama shi, yau shi mutane ke tare ni suna yi mini maganarsa. Kuma gaskiya akwai mawaƙan da abokansu ne ke ɗauke da su, sai dai wannan ba ya tabbata da kundi ɗaya, sai an ga na biyu da na uku duk sun fito fanko.

Waccan waƙar ta dattijon da muka yanke, bayan ta koma minti huɗu sai aka bar wani fili a bayan amshi na biyu, bugu huɗu cur, daidai inda tsohon abokinsa zai ba shi amsa da yana nan. Na kawo shawarar a sa fiyano, mai jitar haya ya gwada abubuwa uku masu kyau. Ya saurare su duka, ya ce a cire, a bar ganga kaɗai tana tafiya. Haka waƙar ta fita, da ramin a tsakiyarta. Idan ka koma wa kundin naka, ka kasa kunne ko akwai irin wannan wurin.